Laifin Wa Ne? Rabo Da Sakaci A Sha'anin Haihuwa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai halittar bayinSa yadda Ya so. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), uban Zainab da Ruƙayya da Ummu Kulsum da Faɗima, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Akwai wata tambaya da ba kasafai ake furta ta da baki ba, amma ta daɗe tana cin gidajen aurenmu kamar yadda gara take cin azara. Tambayar ita ce: laifin wa ne? Mace ta haifi 'ya mace ta huɗu a jere, sai ki ga 'yan barka suna shigowa jiki a sanyaye, uwar miji ta ɗauki jaririya ta ce "Allah Ya raya," ta ajiye, ko haƙorinta ba a gani ba. Wata ta haifi ɗa fari tas alhali ita da maigidan duk baƙaƙe ne, kafin ranar suna an fara zunɗe da ƙus-ƙus. Wata kuma yaronta ya shiga wata na shida sai yatsunsa suka kumbura, yana kuka ba dare ba rana, likita ya ce sikila ce, nan take dangin miji suka ce, "Mu dai a zuri'armu ba mu san wannan ba." A duka ukun yatsa wuri guda yake nunawa, wato kan matar. Wata gori za ta sha har ta tsufa, wata a yi mata kishiya da gayya, wata kuma takardar saki ce za ta raka ta gida da ɗanyen jego.

Addini da hankali sun haɗu a kan cewa ba a kama mutum da laifi sai a kan abin da yake da iko da zaɓi a kansa. Shi ya sa alƙalami ba ya hawa kan mai barci da ƙaramin yaro da wanda hankalinsa ya gushe. Ke nan, kafin mu yanke wa kowa hukunci a sha'anin haihuwa, wajibi ne mu san a ina iyaye suke da zaɓi, a ina kuma ba su da shi. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai mun leƙa yadda Allah Ya tsara rabon gadon halitta tsakanin uwa da uba da ɗa. Kada kunya ta hana mu, domin Nana A'isha (RA) ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba.

Akwati Mai Turmi 46

An gina jikin mutum ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wasu zaruruwa guda 46 da masana suke kira kuromosom, mu a nan bari mu kira su zaren gado. A jikinsu ne bayanin launin fata yake, da tsawo, da siffar hanci, da irin jinin mutum. An shafe fiye da shekara talatin masana suna zaton guda 48 ne, sai a 1956 wasu masana biyu a ƙasar Suwidin, Tjio da Levan, suka ƙidaya da kyau suka tabbatar 46 ne.

Mu mazauna Kakuri da Makera da Nasarawa, inda masaƙu suka yi tashe tun daga 1957 da aka buɗe masaƙar KTL, misalin atamfa ba zai yi mana wuyar ganewa ba. Ki ɗauka kina da akwati mai turmi 46, an jera su biyu-biyu, jeri 23. A kowane jeri, turmi ɗaya daga mahaifiyarki ya fito, ɗayan daga mahaifinki. Maigidanki ma yana da nasa akwatin kamar haka.

To, da a ce za a juye wa ɗa duka akwatinki da duka na ubansa, da ya tashi da turmi 92, jika kuma ya tashi da 184, abin ya lalace. Sai Allah cikin hikimarSa Ya sanya wata irin rabuwa ta musamman wadda ba ta faruwa ko'ina a jiki sai a ma'ajiyar ƙwai ta mace da maraina na namiji. Masana suna kiran ta mayosis. A wannan rabuwa, daga kowane jeri turmi ɗaya ake ɗauka. Don haka ƙwan mace yana ɗauke da 23, ƙwayar maniyyi ma 23, in sun haɗu ɗa ya samu nasa 46 cif-cif. Rabi naki, rabi nasa, babu wanda ya fi wani zubi. Wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Edouard van Beneden, shi ya fara lura da wannan rabi-da-rabi a 1883, a ƙwan wata tsutsar ciki ta doki.

Abin mamakin yana gaba. A kowane jeri ana iya ɗaukar na wajen mahaifiyarki ko na wajen mahaifinki, kuma abin da aka ɗauka a jeri na farko bai shafi na biyu ba. In aka lissafa, mace ɗaya tana iya fitar da haɗi iri daban-daban har 8,388,608, namiji ma haka. In aka haɗa nata da nasa, lissafin ya haura tiriliyan 70. Bugu da ƙari, kafin turmi biyun nan su rabu sai sun manne da juna sun yi musayar yanki, kamar tela ya yanko daga wannan ya jona a wancan, ta yadda turmin da zai isa ga ɗa sabon haɗi ne na kakansa da kakarsa, wanda ba a taɓa yin irinsa ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa 'ya'ya goma uwa ɗaya uba ɗaya kowa da kamanninsa, in ban da tagwayen da suka fito daga ƙwai guda.

Yanzu 'yar'uwa ki tambayi kanki: a duk wannan aiki, a ina hannunki yake? Ba ki gani, ba ki ji a jikinki, ba a shawarce ki ba. Bilhasali ma, 'ya mace da ƙwayayenta ake haihuwarta, sama da miliyan guda, kuma sun fara wannan rabuwa tun tana ciki. Wato ƙwan da aka halicce ki da shi ya fara samuwa ne tun mahaifiyarki tana cikin kakarki. A idonmu abin kamar ƙuri'a yake, amma a wurin Allah komai a ƙididdige yake, babu abin da ya faɗo da ka. Aya ta 2 a Suratul Insan ta riga ta sanar da mu cewa daga gaurayen ruwa aka halicci mutum, kuma ta haɗa wannan da batun jarrabawa.

Mace Ko Namiji

Jeri na 23 shi ne yake raba mace da namiji. Mace tana da zare biyu iri ɗaya, ana kiran su X da X. Namiji kuwa yana da X da Y. Tunda ke X kaɗai gare ki, duk ƙwan da zai fito daga jikinki X yake ɗauke da shi, babu makawa. Shi kuwa maigida, kusan rabin ƙwayoyin maniyyinsa X ne, rabi Y. In mai X ta riga isa ga ƙwai, mace za a haifa. In mai Y ce, namiji. Abin sha'awa, mace ce ta taimaka wajen gano wannan, wata masaniya 'yar Amurka mai suna Nettie Stevens, a 1905, lokacin da take binciken wani ƙwaro.

A ajin matan aure na Islamiyyar da nake koyarwa, duk sa'adda aka zo wannan gaɓa sai wata ta yi wuf ta ce, "Malama, ashe laifinsu ne!" A'a 'yar'uwa, a yi hattara. In muka ɗauke zalunci daga kan mace muka ɗora wa namiji, ba mu gyara komai ba, wuri kawai muka sauya masa. Shi ma bawan Allah miliyoyin ƙwayoyi ne suke fita daga jikinsa a lokaci guda, ba shi da ikon cewa wannan ta wuce gaba, wannan ta tsaya. Abin da iliminnan ya tabbatar shi ne, babu mai laifi tun farko, domin babu laifin da aka yi.

A duniya, a kowace mace 100 da aka haifa ana haihuwar maza kimanin 105, wato kusan kunnen doki. Kowane ciki sabon rabo ne, bai san abin da aka haifa kafinsa ba. In kika ɗauki gidaje dubu masu 'ya'ya biyar-biyar, lissafi ya nuna kusan talatin daga ciki mata ne zalla, wasu kusan talatin kuma maza zalla, ba don an yi wa kowa asiri ba. Kakanninmu sun san ana yin haka, shi ya sa suke da sunan Tanko ga namijin da ya biyo mata, da Kande ko Delu ga macen da ta biyo maza. Wata za ta ce, "To ai wane da ya ƙara aure amarya namiji ta haifa masa." Ƙwarai, amma da uwargidan ce ta sake ɗaukar ciki, damarta daidai take da ta amaryar. Ƙarin aure halal ne, babu mai ja. Abin da ba halal ba shi ne a yi shi da sunan hukunta baiwar Allah a kan abin da ba ta aikata ba. Haka nan masu sayar da "maganin haihuwar namiji" a tasha da kafar sadarwa, kuɗinki kawai za su ci. In an dace su ce aikinsu ne, in ba a dace ba su ce ba ki bi ƙa'ida ba.

A aya ta 49 da ta 50 na Suratush Shura Allah Ya kasa mutane gida huɗu: wanda Ya ba mata, da wanda Ya ba maza, da wanda Ya gauraya masa, da wanda bai ba ko ɗaya ba. Ya kira abin kyauta, kuma da mata Ya fara. Wasu malaman tafsiri sun kawo misali da Annabawa: Annabi Luɗu mata ya haifa, Annabi Ibrahim maza, Annabinmu (SAW) an haɗa masa, Annabi Yahaya da Annabi Isa kuwa ba su haihu ba. Wa zai ce ɗayansu ya gaza? 'Ya'yan Manzon Allah (SAW) maza duk suna ƙanana suka rasu, zuri'arsa ta hanyar Nana Faɗima ta wanzu. Matar Imrana ta sa rai da namiji, sai aka ba ta Nana Maryam. Roƙon Allah Ya ba ki namiji ba laifi ba ne, Annabi Zakariyya ma ya roƙi magaji. Amma ɓata fuska don an yi maka albishir da mace, wannan ɗabi'ar Jahiliyya ce da Suratun Nahl ta yi tir da ita a aya ta 58 da ta 59.

"Wannan Yaron Wa Ya Ɗauko?"

Zargi na biyu ya fi na farko muni, domin mutunci yake taɓawa. Hausawa suna cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, amma su ne kuma suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. A kowane jerin zaren gado, wani bayanin yana rinjaye ya bayyana, wani kuma ya kwanta ya yi shiru, mutum yana ɗauke da shi bai sani ba, har ya miƙa wa ɗansa, ɗan ya miƙa wa jika. Ranar da mai ɗauke da shi ya auri mai ɗauke da irinsa, sai abin ya fito fili. Haka ake haihuwar zabiya a gidan da uwa da uba duk baƙaƙe ne, kowannensu ya ba da rabi. Launin fata kuwa ƙwayoyin gado masu yawa ne suke haɗuwa su samar da shi, shi ya sa a ɗaki guda ake samun fari da baƙi da wankan tarwaɗa. Sannan kowace ungozoma ta san jariri da haske yake zuwa, sai daga baya launinsa ya zauna.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) labarin wani Balaraben ƙauye da ya zo wa Manzon Allah (SAW) cikin damuwa, wai matarsa ta haifi baƙin yaro. Manzon Allah bai yi masa faɗa ba, sai ya tambaye shi ko yana da raƙuma, da kuma launinsu. Ya ce jajaye ne. Aka tambaye shi ko akwai mai launin toka a cikinsu, ya ce akwai. Da aka nemi ya faɗi daga ina wannan launi ya zo, shi da bakinsa ya ce wataƙila wani asali ne na can baya ya jawo shi. Sai aka nuna masa cewa ɗansa ma haka ne, kuma ba a ba shi damar kore yaron ba. Kazalika Usama ɗan Zaidu baƙi ne ƙwarai alhali mahaifinsa Zaidu fari ne, mutane suna ta surutu, har ranar da wani gwanin gane dangantaka mai suna Mujazziz ya ga ƙafafunsu kaɗai ya shaida cewa jini ɗaya ne, Manzon Allah (SAW) ya shiga wurin Nana A'isha fuskarsa cike da farin ciki.

Abin takaici, yawancin wannan zunɗe daga bakinmu mata yake fitowa, a wurin barka da wurin suna. Mu tuna Suratun Nur ta yanke bulala 80 ga wanda ya jefi kamilar mace da alfasha ba tare da shaidu huɗu ba. Ƙyafta ido da taɓe baki da "hmm, Allah dai Ya sani" ba za su kuɓutar da mai yinsu a gaban Allah ba don kawai ba ta furta kalmar ba.

Sikila: Inda Zaɓi Ya Shigo

Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu ce komai rabo ne, kowa ya kama bakinsa. Amma akwai wuri guda da rabo ya haɗu da zaɓi, shi ne ciwon sikila, wanda muke kira amosanin jini.

A jeri na 11 akwai bayanin sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini. Lafiyayyen ana kiran sa A, mai matsalar S. Wanda ya gaji A daga uwa da uba shi ne AA. Wanda ya gaji A a gefe guda, S a ɗaya gefen, shi ne AS, lafiyarsa ƙalau, yana ɗauke da abin ne kawai. Wanda ya gaji S ta gefe biyu shi ne SS. Ƙwayoyin jininsa suna lanƙwashewa kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, su jawo azabar ciwon ƙashi. Kuma maimakon su yi kwana 120 kamar na kowa, cikin kwana 10 zuwa 20 sun mutu, shi ya sa kullum jini ba ya isarsa. Ki lura da kyau: ba a taɓa haihuwar SS sai uwa ta ba da S, uba ma ya ba da S. Don haka dangin mijin da suka ce babu wannan a zuri'arsu, a jikin ɗansu rabin abin yake.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a Nijeriya duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne. A binciken da aka yi a Garki, wadda yanzu take Jihar Jigawa, a shekarun 1970, an samu kusan biyu cikin kowane jariri 100 SS ne, amma ƙalilan ne a cikinsu suke kaiwa shekara biyar. Allah kaɗai Ya san yawan iyaye matan da aka kira masu wabi, aka raɗa wa 'ya'yansu Ajuji da Ayashe, alhali sikila ce take ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 ya zo SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Wasu suna fahimtar wannan a karkace, wai ɗa na huɗu ne zai zo da ciwon, don haka sai a tsaya a uku. Ba haka ba ne. Na fari yana iya zuwa da shi, uku a jere suna iya zuwa da shi. Haka kuma kusan gida ɗaya cikin uku na irin wannan aure masu 'ya'ya huɗu ba za su samu SS ko ɗaya ba, su ne ake kafa hujja da su a ce "ga su wane nan lafiya lau." Ba a ƙirga sauran gidaje biyun.

To a nan ne bambancin yake. Abin da zai fito a kowane ciki ba ya hannun kowa. Amma wa zai auri wa, wannan yana hannunmu, kuma gwajin jinotaif ɗan jini kaɗan ne ake ɗiba. Ba sai mun haye gada ba ma, ga babban asibitin Gwamna Awan nan kusa da mu. Jihar Kaduna ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2017, Jihar Kano ma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan tata a watan Mayun 2024. Maƙwabtanmu Kirista a Barnawa da Sabon Tasha, coci-coci da dama sun daɗe suna neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure. Iyayenmu da suka yi aure ba a san wannan ba, babu komai a kansu. Amma wanda ya sani a yau ya kau da kai, ko ya ɓoye sakamako, ko ya sayi takardar ƙarya don kada a fasa biki, shi kam ya yi zaɓi, kuma wanda zai biya bashin yaro ne da ba a shawarce shi ba.

Ba Ja Da Ƙaddara Ba Ne?

Na san wata za ta ce, "Ciwo da lafiya na Allah ne, in Ya ƙaddara babu gwajin da zai hana." Gaskiya ne, kuma duk mumini ya yi imani da haka. Sai dai Sayyidina Umar (RA) ya riga ya amsa wannan. Yana kan hanyar Sham aka tare shi da labarin annoba ta ɓarke a can. Bayan shawara sai ya yanke a juya. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya nuna masa cewa daga wata ƙaddarar Allah ce ake gudu zuwa wata ƙaddarar tasa. Ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya kore shar, ɗaya busasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora, amma mai hankali ya san gefen da zai nufa. Mu kanmu muna kulle ƙofa da dare, muna kai yara rigakafi, muna bincike a kan halin manemi da sana'arsa da danginsa. Me ya sa sai a binciken jini ne za mu tuna da tawakkali?

Wahalar gaskiya tana wurin waɗanda soyayya ta riga ta yi nisa, an kai kuɗi, an sa rana, sannan aka yi gwaji. Rabuwa a wannan lokaci ciwo ce, kada mu raina hawayen yaran. Amma laifin jinkirin namu ne iyaye, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In yarinya ta san jinotaif ɗinta tun tana makarantar sakandare, tambaya ɗaya a farkon zance ta wadatar. Wannan ya fi zama dole a auren zumunci, tunda in S yana cikin dangi, 'yan'uwa sun fi kusa da haɗuwa a kansa. Magani na warkewa akwai shi, amma ya fi ƙarfin talaka. An fara dashen ɓargo a Nijeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011, kuma a ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani magani mai gyara ƙwayar gado, wanda kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu. Ashe rigakafi ya fi magani ba karin magana ce kawai ba.

Kada Ilimi Ya Zama Sabuwar Bulala

Ilimi in ya shiga hannun marar tsoron Allah makami yake zama. A Indiya da Sin, da na'urar hoton ciki ta yaɗu, sai wasu suka riƙa dubawa, in mace ce a zubar, har Indiya ta kafa doka a 1994 ta hana likitoci faɗin jinsin abin da ke ciki. Binne 'ya'ya mata ne irin na Jahiliyya ya dawo da rigar asibiti. Mu ma sai mu kiyaye kada gwajin jini ya zama sabuwar hanyar wulaƙanta mata.

Mai AS ba mara lafiya ba ce, kuma ba mugun jini gare ta ba. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa yaran AS sun fi samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Wato abin da yake cuta in ya zo biyu, garkuwa ne in ya zo ɗaya, shi ya sa ya yawaita a ƙasashenmu masu sauro. Allah bai yi bambancin halitta a banza ba, Suratur Rum ma ta lissafa saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyinSa. Mai AS ta auri AA, babu ɗan da zai zo SS. Mai SS ma tana da haƙƙin aure kamar kowa, in ta auri AA 'ya'yanta AS za su zo. Masu sikila a yau suna girma, suna karatu, suna aiki, in an kula da su.

Waɗanda kuma suka riga suka yi aure, aka gano duk AS ne, babu mai ce musu su rabu dole. Su je wurin likita tare, su ji shawara tare, su yanke tare, kuma su yi jinya tare. Ba daidai ba ne uwa ta kwana a tsaye a gefen gadon asibiti, uba yana gida yana cewa ɗanki ya cinye mini dukiya. Yaron kuma kada a taɓa bari ya ji cewa shi kuskure ne. Bawan Allah ne da aka ba ku amana.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

'Yan'uwa, aikin a hannunmu yake, domin mu ne iyaye, mu ne surukai, mu ne 'yan barka. Kowace ta san jinotaif ɗinta da na maigida da na yara, ta kuma sani cewa daban yake da rukunin jini na A da B da O, mutane da yawa suna rikita su. A yi gwajin a amintaccen asibiti, in da hali a maimaita a wani wurin, saboda akan samu kuskure, a kuma nemi bayani in an ga AC ko SC, domin S in ya haɗu da C shi ma ciwo ne. Mai yaro mai sikila ta riƙe gidan sauro, da yawan ba shi ruwa, da kare shi daga sanyi, da zuwa asibiti a kan lokaci. A majalisunmu na ta'alimi da walima mu sa wannan batu cikin wa'azi. In kika je barkar 'ya mace ta biyar, ki shiga da fara'arki da turminki kamar yadda za ki je ta namiji, ki tuna wa mai jego busharar da Muslim ya ruwaito ta kusanci da Manzon Allah (SAW) ranar Alƙiyama ga wanda ya raini 'ya'ya mata biyu har suka girma. In kuma ɗanki ne aka haifa wa, to ke ce uwar mijin da ake magana.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mun daɗe muna tuhumar mata a kan abin da Allah Ya riƙe a hannunSa, muna kuma sakaci da ɗan abin da Ya bari a hannunmu. Allah Ya ba mu ikon bambance su. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu nema zuri'a ɗayyiba, Ya raya mana waɗanda Ya ba mu, maza da mata, bisa tafarkin Musulunci. Amin.